Babban Kifi: A Kai Shi Kasuwa Ko A Mayar Da Shi Ruwa?

Gabatarwa

Babu abin da ke faranta wa masunci rai kamar ya ɗaga komarsa ya tarar da ƙaton kifi. Idan giwan ruwa mai nauyin mutum ya shiga hannu, labari kan karaɗe tunga tun jirgi bai iso gaɓa ba, kuma 'yan kasuwa su yi ta rige-rigen taya shi, daga Doron Baga har kasuwar kifi ta hanyar Baga a cikin Maiduguri. Kuɗin kifi ɗaya irin wannan kan fi abin da masunci zai tara a kwanaki da dama. Don haka idan malamin gona ya ce a mayar da shi ruwa, sai a ɗauka ba'a yake yi.

Sai dai maganar tana da tushe. Kowane manomi ya san cewa zangarniyar da ta fi kyau ita ake warewa a ajiye domin iri, kuma makiyayi ba ya kai saniyar da ta fi haihuwa mahauta sai da babban dalili. Babban kifi shi ne irin da ke cikin ruwa. An shirya wannan darasi ne domin malaman gona da masunta, da manoman da ke haɗa noma da su a yankin Tafkin Cadi, Kogin Yobe da madatsar Alau. Zai bayyana amfanin manyan kifaye ga ruwa, da lokacin da ya dace a sake su, da lokacin da riƙe su ya fi, da kuma yadda ake sakin kifi ya rayu.

Manyan kifayen yankinmu

Giwan ruwa, wanda masana ke kira Lates niloticus, shi ne mafi girma a kifayen ruwayenmu. Yakan kai tsawon kusan mita 2, kuma an samu masu nauyin da ya kusa kilogiram 200. Yakan balaga yana da kimanin shekara 3, ya kuma rayu har wajen shekara 16. Namiji kan fara barbara yana da tsawon kamar rabin mita, amma mace sai ta fi haka girma kafin ta fara zuba ƙwai. Abin lura a nan shi ne, yawancin waɗanda suka haura mita ɗaya da ɗoriya mata ne. Wato ƙaton da ake alfahari da kamawa galibi uwa ce.

Ban da giwan ruwa akwai yauni da bargi da ramboshi da ragon ruwa, da kuma manyan tarwaɗa. Bargi da yauni suna yin sheƙa a cikin ciyawar ruwa lokacin da ruwa ya cika, su zauna suna gadin ƙwai da 'ya'yansu. Yauni ma ƙwansa manya ne kuma ba su da yawa, kimanin dubu ɗaya a sheƙa. Idan aka soke uwa a kan sheƙa, an hallaka duk abin da ke cikin sheƙar tare da ita.

Me ya sa babbar mace ta fi daraja a cikin ruwa?

Na farko, yawan ƙwai. Babbar macen giwan ruwa kan ɗauki miliyoyin ƙwai. Yawan ƙwan kifi kuma yana ƙaruwa fiye da yadda nauyinsa ke ƙaruwa. Wani bincike da aka buga a mujallar Science a shekarar 2018, wanda ya duba kifayen teku iri 342, ya tabbatar da haka. Masu binciken sun ba da misali da kifin kod, wanda ake busarwa a kawo mana da sunan okporoko: mace ɗaya mai nauyin kilogiram 30 ta fi mata 28 masu kilogiram 2 kowace yawan ƙwai, alhali nauyin waɗannan 28 ɗin a haɗe ya kai kilogiram 56. Kamun babbar mace ɗaya, ke nan, ya fi kamun matsakaita masu yawa rage 'ya'yan baɗi.

Na biyu, ingancin ƙwai. A kifaye da yawa, ƙwan babbar mace ya fi girma, ya kuma fi tanadin abinci a cikinsa. Ɗan kifin da ya fito daga irin wannan ƙwai ya fi jure yunwar kwanakin farko, lokacin da mafi yawan 'ya'yan kifi ke mutuwa.

Na uku, gado. Kifin da ya yi saurin girma ya kuma tsira shekaru masu yawa yana ɗauke da halin da ake so ya yaɗu. Idan kullum manya ake tsincewa, waɗanda suka rage su hayayyafa su ne masu jinkirin girma da masu balaga tun suna ƙanana. Manomin da ke cinye manyan zangarniyu yana shuka daga tsumburarru ya san abin da gonarsa za ta koma bayan 'yan shekaru.

Na huɗu, daidaita ruwa. Giwan ruwa mafarauci ne. Inda aka rasa kifaye masu cin 'yan uwansu, ƙarfasa kan yi yawan da ya wuce abincin da ke cikin ruwan, sai ta tsumbure ta rasa daraja a kasuwa. Masu kiwon kifi a tafkunan gida sun san wannan matsala sosai.

Abin da ya faru a Tafkin Cadi

A shekarar 1963 faɗin Tafkin Cadi ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000. A wancan zamani giwan ruwa na cikin kifayen da suka fi kawo kuɗi a tafkin, har wani masani mai suna A. J. Hopson ya yi nazari na musamman a kansa, aka buga a 1972. Da farin farkon shekarun 1970 ya zo, tafkin ya rabu biyu, kudu da arewa. Kifaye suka taru a ɗan ruwan da ya rage, kamu ya yi sauƙi ƙwarai, har aka ƙiyasta cewa abin da aka kama a 1974 ya haura tan 200,000. Wannan yalwa ba alamar albarkar ruwa ba ce, domin rumbu ne aka kwashe har da iri. Zuwa tsakiyar shekarun 1980 buɗaɗɗen ruwan tafkin ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na faɗinsa na dā.

Giwan ruwa yana buƙatar buɗaɗɗen ruwa mai wadatacciyar iska. Da tafkin ya zama fadama mai ciyawa, shi da zawai da faliya da burdo suka ragu ƙwarai, musamman a ɓangaren arewa. Tarwaɗa da ƙarfasa da bargi da gaiwa, waɗanda ke jure ƙarancin iska a ruwa, su suka mamaye kamu, kuma su ne mafi yawan bandar da ake lodi daga Maiduguri zuwa kudancin ƙasar nan.

Gaskiya ne fari ne babban dalilin wannan sauyi, ba masunta ba. Amma hakan ya ƙara wa sauran manyan da suka rage muhimmanci. Tafkin Cadi yana cika yana ja da baya gwargwadon ruwan da kogunan Shari da Logon suka kawo. A shekarar da ruwa ya yi kyau, iyayen da suka tsira ne za su cika shi da 'ya'ya. Idan babu iyaye, ruwan zai dawo amma kifin ba zai dawo da shi ba. Haka lamarin yake ga madatsar Alau, wadda ta ɓalle a watan Satumba na 2024: duk ruwan da ya sha irin wannan girgiza yana buƙatar a bar wa manyan kifayensa sarari su sake hayayyafa.

Darasi daga wasu wurare

Ba mu kaɗai ne ke fama da wannan tambaya ba. A gaɓar gabashin Amurka akwai wani kifi mai zane-zane a tsawon jikinsa, wanda za mu kira bas mai zane. Yana zama a teku, ya shiga koguna ya zuba ƙwai, musamman a mashigin ruwa na Cesafik. Kamar giwan ruwa, manyansa mata ne, kuma masu kamun nishaɗi da ƙugiya suna gasar kama mafi girma. Wanda ya kafa tarihi a 2011 ya kai kimanin kilogiram 37. Yawan kamu ya durƙusar da wannan kifi a ƙarshen shekarun 1970. Majalisar dokokin Amurka ta yi doka domin kare shi a 1984, jihar Merilan ta hana kamunsa gaba ɗaya daga 1985 na tsawon shekara biyar, kuma a 1995 aka bayyana cewa ya farfaɗo.

Da yawansa ya sake raguwa, sai hukumomi suka ɗauki tsarin awo mai iyaka biyu. A 2020 yawancin jihohin gaɓar suka ƙayyade cewa mai kamun nishaɗi a teku zai riƙe kifi ɗaya kawai, mai tsawon inci 28 zuwa ƙasa da inci 35. A 2023 aka sauko da iyakar sama zuwa inci 31, wato daga kimanin santimita 71 zuwa 79. Duk wanda ya fi haka girma dole a sake shi. Akwai kuma wani darasi a nan: masanansu suna lissafa cewa kifi 9 cikin kowane 100 da aka saki yana mutuwa daga baya saboda rauni da gajiya. Saki kawai bai isa ba, sai an iya sakin.

A nan Afirka, ƙasashen Yuganda da Kenya da Tanzaniya sun ɗauki irin wannan tsari a kan giwan ruwan Tafkin Biktoriya a farkon shekarun 2000: wanda aka yarda a kama a sayar a wancan lokaci shi ne mai tsawon santimita 50 zuwa 85. An sha wahalar tabbatar da iyakar sama, musamman saboda jakar iskar da ke cikin babban giwan ruwa tana da tsada sosai a kasuwannin Sin. Wannan ya nuna cewa doka ba ta tasiri idan masunta ba su gamsu da ita ba.

Misali mafi kusa da mu shi ne Argungu. A bikin kamun kifi na 2020, kifin da ya zo na ɗaya ya kai kilogiram 78. Irin waɗannan ƙatti suna samuwa a Matan Fada ne domin masarauta, ta hannun Sarkin Ruwa, tana hana su a wurin har sai ranar biki. Tsare ruwa domin kifi ya girma al'ada ce da kakanninmu suka sani tun kafin zuwan dokar gwamnati.

Hujjar masunci

Wajibi ne malamin gona ya saurari masunci kafin ya ba shi shawara, domin hujjojinsa masu ƙarfi ne. Ba'amurken da ke sakin kifi nishaɗi ya fito yi, abincinsa na gida yana jiransa. Masuncinmu kuwa da kifin zai sayi hatsi, ya biya bashin koma da man inji. Shekarun rashin tsaro a yankin tafkin sun raba mutane da yawa da jiragensu da jarinsu. Hausawa sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Hujja ta biyu ita ce: in na saki, wani zai kama gobe. Wannan gaskiya ce a ruwan da ba shi da ƙa'ida. Ta uku kuma, kifin da ya kwana a kalli galibi ya mutu ko ya galabaita kafin a ɗaga, sakinsa asara ce kawai.

Saboda waɗannan dalilai, shawarar da za a bayar ba ita ce a saki kowane babban kifi ba. Shawarar ita ce jama'ar da ke su a ruwa ɗaya su amince da ƙa'ida ɗaya: a ci matsakaici, a bar ƙarami ya girma, a bar uwa ta haihu.

Wane kifi za a saki, wane za a riƙe?

A saki kifi idan:
1. Ƙato ne da ya wuce awon da jama'a suka amince da shi, kuma yana da rai da kuzari.
2. Mace ce mai cikin ƙwai, wadda cikinta ya kumbura ya yi taushi.
3. Bargi ne ko yauni da aka tarar a kan sheƙa ko yana tare da 'ya'yansa, ko ƙarfasa mai ɗauke da ƙwai a baki.
4. Ƙarami ne da bai kai ga haihuwa ko sau ɗaya ba.

A riƙe kifi idan:
1. Matsakaici ne, tsakanin awon ƙasa da na sama.
2. Ya mutu, ko jini na zuba daga jajayen kunnuwansa da yake numfashi da su, ko mashi ya huda cikinsa.
3. An sa shi a ruwa ya kasa daidaita jikinsa, yana juyewa rigingine duk da ƙoƙarin farfaɗo da shi.
4. Yana cikin kududdufin da tabbas zai ƙafe, kuma babu halin kai shi babban ruwa.
5. Yana cikin tafkin kiwo na gida, inda babban mafarauci zai cinye kifin da ake kiwo.

Game da awo, ga giwan ruwa za a iya farawa da wanda aka ɗauka a Tafkin Biktoriya a farkon shekarun 2000, wato santimita 50 zuwa 85, daga bakin kifi zuwa ƙarshen wutsiya. Ga sauran kifaye, a zauna da dattawan masunta da jami'an sashen kamun kifi a tsayar da awon da ya dace da ruwan wurin. Hanya mai sauƙi ita ce a yi tsaga biyu a gefen jirgi ko a jikin sanda. Kifin da bai kai tsagar farko ba, da wanda ya wuce ta biyu, na ruwa ne.

Yadda ake sakin babban kifi ya rayu

1. A hanzarta. Kada a bar kifi ya yi ta kokawa da igiya har ƙarfinsa ya ƙare.
2. In zai yiwu a cire ƙugiya ko a warware koma kifin yana cikin ruwa a gefen jirgi. Idan dole a fito da shi, kada ya wuce ɗan lokacin da mutum zai iya riƙe numfashinsa.
3. A jiƙa hannu kafin a taɓa shi. Yauƙin da ke jikin kifi shi ke kare shi daga cuta, busasshen hannu da buhu da yashi mai zafi suna goge shi.
4. Kada a zura yatsu cikin kunnuwansa, kada kuma a rataye shi ta baki. Nauyin babban kifi kan ji wa gaɓoɓinsa da kayan cikinsa rauni. A tallafe shi a kwance, hannu ɗaya a ƙarƙashin ciki, ɗaya a gindin wutsiya.
5. Idan ya haɗiye ƙugiya, kada a fizge ta. A yanke igiyar kusa da bakinsa.
6. A riƙe shi a cikin ruwa, bayansa a sama, kansa na fuskantar inda ruwa ke gangarowa, har sai ya fizge da kansa.
7. A yi hattara da ƙayoyin bayan giwan ruwa da kaifin murfin kunnensa, domin suna yanka hannu.

Jan hankali: a watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ya tsananta a Borno, iskar da ke cikin ruwa takan ragu, kuma kifin da aka wahalar ya fi saurin mutuwa. A wannan lokaci a ƙara gaggawa wajen saki, a kuma fi ɗaga kayan su da sassafe.

Rigakafi ya fi magani

Kifin da ba a kama ba ya fi wanda aka saki tabbacin rayuwa. Don haka kulawa da kayan su da lokacin su ta fi komai muhimmanci.

Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta hana amfani da komar da idonta bai kai milimita 76 ba, wato inci 3, sai ga masu kamun ƙananan kifaye na musamman da dokar ta ware. Ta kuma hana su da guba, da nakiya, da wutar lantarki. Wannan yana kare ƙananan kifi. Domin kare manya kuwa, jama'a za su iya ƙara waɗannan matakai:

1. A riƙa duba kalli da mamari a kan kari, aƙalla safe da yamma, domin a tarar da kifi da ransa.
2. Ga masu sa koto, ƙugiya mai lanƙwasasshen baki zuwa ciki ta fi kama kifi a gefen baki maimakon cikin maƙogwaro. Tun 2021 aka wajabta irinta ga masu kamun bas mai zane da koto a Amurka.
3. Kada dumba ta toshe hanyar ruwa daga gaɓa zuwa gaɓa. A bar ƙofa domin kifin da ke shiga fadama ya zuba ƙwai ya samu wucewa.
4. A keɓe wasu gurbi masu zurfi, inda manyan kifaye ke fakewa da rani, a hana su a cikinsu.
5. A dakatar da taru da mashi a wuraren sheƙa lokacin da ruwa ke shigowa.

Aikin malamin gona

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Malamin gona ya fara da Bulama da Lawan da Sarkin Ruwa da shugabannin ƙungiyar masunta, domin su ne maganarsu ke tasiri a bakin ruwa. Ya shigo da 'yan kasuwa da mata masu banda cikin shawarar, tunda abin da mai saye ya ƙi saye, masunci zai daina kawowa.

Gani ya kori ji. Idan an kawo babbar mace da ta riga ta mutu, a feɗe ta a gaban jama'a, a auna ƙwanta, a kwatanta da na matsakaiciya. Wannan ya fi dogon bayani gamsarwa. A kuma tambayi dattawa girman kifin da suke kamawa a shekarun 1960, matasa su ji da kunnensu.

A buɗe littafi a kowace mashaya da ake sauke kifi, a riƙa rubuta iri da tsawo da wata. Bayan shekara biyu ko uku, jama'a da kansu za su ga ko ƙa'idar ta yi amfani. Ƙungiya kuma ta duba yadda za ta sassauta wa wanda ya saki babban kifi a gaban shaidu, ko da ta yafe masa kuɗin ƙungiya na wani lokaci ne, domin shi ya ɗauki asarar da kowa zai ci moriyarta. Domin ƙarin bayani a tuntuɓi sashen kamun kifi na jiha, ko Kwalejin Tarayya ta Fasahar Kifi ta Baga, ko Cibiyar Binciken Kifi ta Ƙasa da ke New Bussa.

Kammalawa

Babban kifi yana da farashi biyu: na kasuwa, wanda ake karɓa sau ɗaya, da na ruwa, wanda yake biya duk shekara da 'ya'yan da yake zubawa. Wanda ya mutu ko ya ji mummunan rauni a kai shi kasuwa, kada a yi asararsa. Mai rai da kuzari, musamman mace mai ƙwai ko mai gadin sheƙa, a mayar da shi ruwa cikin hanzari da kulawa. Abin da ake buƙata daga malamin gona shi ne ya tara jama'ar da ke su a ruwa ɗaya kafin ruwan bana ya shigo, a tsayar da awo, a keɓe gurbi, a kuma naɗa waɗanda za su sa ido.